Abokin Zaman Madam

Duk layin Sannu-sannu ake kiransa, kuma ba a yi masa ƙage ba. Askin da wani zai gama kafin shayinka ya huce, shi sai ya cinye maka rabin hantsi a kai. Zai zaunar da kai, ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya kunna butar lantarki, ya harɗe hannu yana jiran ruwa ya yi zafi kamar ba shi da sauran aiki a duniya. Sai ya tsoma tawul, ya matse, ya gwada a bayan hannunsa, sannan ya lulluɓe maka fuska da shi. In ka ce kana sauri, sai ya nuna maka titi da haɓa ya ce, "Ga mai aski can gaba, kilifarsa uku." Ba a cika tashi ba dai. Wanda tawul ɗin nan ya taɓa sauka a fuskarsa yakan haƙura ya makara.

A wurin Sannu-sannu ruwan ɗumi shi ne mutunci. Da shi yake wanke aska, da shi yake goge madubi, da shi yake tarbar baƙo. Wanda ya taɓa ka da ruwan sanyi, in ji shi, bai ɗauke ka a bakin komai ba. Mutum ne mai taurin kai a kan abu kaɗan, kuma wannan na ciki.

Ubansu ya rasu yana ƙarami, wansa ne ya riƙe shi. Yaya direban doguwar motar haya ne a lokacin, ƙato, mai murya, wanda in ya yi tari a bakin ƙofa kowa yake gyara zama. Shi ya kai shi koyon aski da ya ga boko ya ƙi shiga, shi ya sayo masa kujerar farko ya ɗauko ta a saman mota, shi ne kuma ya fara zama a kanta, ya tashi da yanka a bayan kunne yana cewa aski ya yi kyau. Sannu-sannu ya yi aure, matar ta rasu ba su samu haihuwa ba, bai sake ba. Ya zauna a ɗakin da ke bayan shagon, shi da askarsa.

Da girma ya kama Yaya, sai ciwon mantuwa ya shigo masa a hankali. Ya fara da manta inda ya ajiye makulli, ya koma manta hanyar gida, har ya kai yana kallon ƙaninsa kamar wani fasinja da ya taɓa ɗauka. 'Ya ɗaya gare shi, tana aure a wani gari mai nisa, tana aiki, ga yara. Ta zo za ta tafi da shi. A gidanta akwai ɗaki a sama, mai ƙarfe a taga, da mai aikin da za ta riƙa kulle ƙofa in kowa ya fita. Sannu-sannu ya ce allambaram, ba za a kulle masa ɗan'uwa kamar kaya ba. Aka yi ta ja, har 'yar ta gaji ta sakar masa, amma da sharaɗi.

"Baffa, na bar maka shi," in ji ta. "Amma ranar da na ji ya fita titi shi kaɗai, wallahi zan zo in ɗauke shi, ko kana kuka."

"Ba zai fita ba, Uwata. Yana da abin kallo."

Abin kallon kuwa akwatin gilashi ne da ke kan kanta a jikin bango, daura da benci. Kifin zinare biyu ne a ciki, irin masu tumbi da wutsiya mai rassa, waɗanda ke tafiya a ruwa kamar ba su son zuwa inda za su. Tun shekarun baya ya saye su a wurin wata mata mai kiwon kifin ado, don masu jiran layi su samu abin zuba wa ido. Babbar ja ce jawur, masu zuwa aski suka sa mata Madam saboda yadda take jan wutsiya. Ɗayan kuma Mai-tabo. Tun da Yaya ya dawo shagon, in aka zaunar da shi a bencin nan da safe, to ya zaunu ke nan. Zai kafa musu ido, leɓensa na motsi, wani lokaci ya yi murmushi. Nan zai ci abinci, nan zai yi gyangyaɗi. Ƙofar shagon a buɗe take wuni guda, ko kallonta ba ya yi.

Sai wata safiya da sanyi ya fara shigowa, aka wayi gari Mai-tabo yana kwance a saman ruwa, ciki a sama. Tsufa ne kawai. Sannu-sannu ya kwashe shi da sauri kafin Yaya ya fito, yana ganin mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo ai ba zai lura ba.

Yaya ya zauna. Ya dubi akwatin. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin kanta.

"Ina ɗayan?"

"Yana nan, Yaya. Ya ɓuya bayan dutse."

"Ina ɗayan?"

Kafin azahar ya yi tambayar nan har masu jiran aski sun fara kallon juna. Ya miƙe ya duba bayan madubi, ya buɗe durowa, ya ɗaga tawul. Daga nan sai ya doshi ƙofa. Sannu-sannu ya bar mutum da kumfa a rabin fuska ya riƙo masa hannu. Washegari haka, jibi haka. Hankalinsa ya rabu biyu, ido ɗaya na kan wuyan mutum, ɗaya na kan ƙofa.

Maƙwabcinsa mai wanki da guga ne, shagonsu bango ɗaya. Ya roƙe shi ya zauna da Yaya, shi kuma ya ruga kasuwa wurin wani mai sayar da tsuntsaye da ke ajiye kifi a gefe. Mutumin nan irin 'yan kasuwar da ba su taɓa cewa babu ba ne. Ba shi da kifin zinare, amma yana da waɗanda suka fi shi, in ji shi. Ya nuna wasu 'yan ƙanana masu zane baƙi a jiki, suna wulgawa kamar an harbo su, da wani mai faffaɗan baki da ke manne a jikin gilashi.

"Wannan shara yake yi, ba ka ƙara wanke akwati. Waɗannan kuwa ado ne. Abu ɗaya dai, ruwan ɗumi suke so. Kana da hita?"

"Hita? Kifi ma?"

"Af! Kana nufin duk shekarun nan a ruwan sanyi ka bar naka?"

Maganar nan ta soki Sannu-sannu har zuci. Shi da ba ya taɓa fuskar baƙo da ruwan sanyi, ashe ya bar Madam da Mai-tabo suna kwana a cikinsa? Nan take ya yanke wa kansa hukunci cewa sanyi ne ya kashe Mai-tabo. Ya sayi kifin, ya sayi hita, wata 'yar sanda ta gilashi mai waya. Da ya dawo ya juye su gaba ɗaya, ya manna hitar, ya murɗa ta ya ƙara murɗawa. Da ya tsoma yatsa ya ji ruwan bai yi masa ba, sai ya ɗauko butarsa ya ƙara da na ciki, kaɗan-kaɗan, yana gwadawa a bayan hannu. Ya ja da baya yana jin ya biya wani hakki.

Yaya ya dubi ƙananan nan suna zirga-zirga, fuskarsa ta ɓaci.

"Su wane ne waɗannan? Wa ya shigo da su?"

"Baƙi ne, Yaya. Abokan Madam."

"Ina ɗayan?"

Garin neman gira aka kusa rasa ido. Cikin 'yan kwanaki Madam ta daina yawonta na ƙasaita. Ta koma saman ruwa, baki a buɗe, tana haɗiyar iska. In aka zuba abinci, kafin ta juyo da tumbinta ƙananan sun share shi. Ba su tsaya nan ba, suka riƙa bin wutsiyarta suna tsakura, har gefenta ya zama kamar tsohon tsumma. Mai sharar kuwa ya bar gilashin da aka ce zai share. Wata rana Sannu-sannu ya ɗaga kai daga aski ya gan shi manne a haƙarƙarin Madam, tana ta fizga ta kasa yar da shi. Da ya saki, wurin ya yi fari fat.

Me ya yi? Ya ƙara murɗa hita. A tunaninsa mara lafiya ɗumi yake so.

A ranar ne Yaya ya fita. Sannu-sannu ya shiga ɗakin baya ɗauko sabulu, ya fito ya tarar da benci wayam. Ya fito titi da almakashi a hannu, ya dubi hagu ya dubi dama, babu shi. Ya yi ta gudu yana tambayar masu shaguna, muryarsa na fita kamar ba tasa ba. Mai guga ne ya gano shi can wajen mahaɗar titi, tsaye a tsakiyar motoci, takalmi ƙafa ɗaya, ana ta danna masa oda, shi kuwa yana leƙa tagogi ɗaya bayan ɗaya. Aka dawo da shi da ƙujewa a gwiwar hannu.

Da yamma 'yar ta kira, kamar yadda ta saba.

"Baffa, ya jikin Baba?"

"Lafiya lau, Uwata. Ga shi nan yana kallon kifinsa."

"Muryarka ba daidai take ba."

"Mura ce."

"To. Ina nan zuwa ƙarshen mako in duba ku. Da la'asar zan iso."

Ya ajiye wayar, zufa na bin bayansa duk da sanyin da ake yi. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun rasuwar matarsa. In ta zo ta ga ubanta yana safa da marwa yana dosar ƙofa, ba sai an gaya mata komai ba. In kuma Madam ta mutu kafin nan, to magana ta ƙare.

Sai a lokacin ya tuna da matar da ya sayi kifin a wurinta tun farko. Ta tashi daga unguwar da daɗewa, ta koma can ɗaya ƙarshen gari. Ya yi ta cigiya har wani mai zuwa aski ya samo masa lambarta, ana gobe 'yar za ta zo. Mace ce mai kaifin harshe, shekaru ba su rage mata komai ba. Ya fara ba ta labari, bai kai rabi ba ta katse shi.

"Tsaya, tsaya. Hita ka ce? Malam mai aski, kifin ka sa a gaba za ka dafa?"

"An ce mini ɗumi suke so."

"Waɗancan ƙananan, e. Naka kuwa na ruwan sanyi ne, haka Allah ya yi shi. In ruwa ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take yi, shi ya sa ka ga tana haki a sama. Ka haɗa mai son sanyi da mai son zafi a ɗaki ɗaya, dole ɗaya ya cutu. Kuma masu zanen nan aikinsu ke nan cizon wutsiya. Mai faffaɗan bakin kuwa yauƙin jikinta yake tsotsa, yauƙin nan shi ne rigarta."

Sannu-sannu ya dafa kanta. "To in zuba mata ƙanƙara?"

"Ka zuba ka gani! Kashe ta za ka yi nan take. Kwashe baƙin nan ka sa su a bokiti da hitarsu, ka mayar wa wanda ya sayar maka. Ita kuma ka bar ruwan ya huce da kansa. Ka ɗebe kaɗan ka zuba wanda ya kwana a ajiye. Ka ƙara mata iska. Kada ka cika ta da abinci."

"Abokin zama fa? Don shi na shiga wannan duka."

"Abokin zamanta sai wanda ruwansu ɗaya, tafiyarsu ɗaya. Ba mai cizo ba, ba mai riga ta cin abinci ba, ba kuma ɗan mitsitsin da zai shige bakinta ba, don ita ma ba waliyyiya ba ce. Akwai wani dogo mai gashin baki da ke zama a ƙasa, yana jure sanyi, ba ruwansa da kowa. Akwai dodon koɗi. Amma wanda ya fi duka shi ne irinta, mai tumbi mai jan jiki. Sai dai ba a kawo baƙo yau a zuba yau. Sai ya yi makonni a ware an tabbatar ba ya ɗauke da ciwo, balle ita da ke da rauni a jiki."

"Makonni?" in ji shi. "Hajiya, gobe nake da ita kawai."

Ya gaya mata komai, har da sharaɗin. Ya ji ƙarar ruwa na zuba a wani wuri bayan matar, sannan ta yi magana.

"Akwai wani irinta da na ware a baho shi kaɗai tun tuni, wanda ya ce a ajiye masa bai dawo ba. Lafiyarsa ƙalau, na tsaya masa. Fari ne da ja a ka. Ka zo gobe kafin azahar, don tafiya zan yi, motar ba za ta jira ni ba. In ka kai shi kada ka juye. Ka ɗora ledar a kan ruwan tukuna, sanyinsu ya zo ɗaya."

Ya yi duk abin da ta ce. Kafin gari ya waye Madam ta sauko daga saman ruwa, tana ɗan motsi a tsakiya, wutsiya a yage amma da rai. Ya ji kamar an sauke masa dutse. Saura abokin zama.

Da hantsi ya leƙa wurin mai guga, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya kira shi, ashe ya tafi kai kayan wani otal, sai yamma. Ya dubi layin. Mai gyaran waya bai buɗe ba. Mai shagon magani ita kaɗai ce a kanta, ta ce ta so ta taimaka amma ba ta iya barin wurin, kuma in tsohon ya miƙe ba ta da ƙarfin riƙe shi. Gaskiya ta faɗa, har yanzu Yaya ƙato ne. Tafiya da shi kuwa ba ta taso ba. Rabon da a sa shi a mota tun ranar da ya kama sitiyarin wani direba ta baya yana cewa ba haka ake shan kwana ba, saura ƙiris su faɗa kwata.

Ya koma shago. Yaya na tsaye a gaban akwatin, yana murza hannuwa.

"Ina ɗayan?"

"Shi zan ɗauko maka, Yaya. Yanzun nan. Zauna ka jira ni."

Ya kwashe asake da almakasai ya zuba a durowa ya murɗa makulli. Ya cire butar daga wuta ya kai ɗakin baya. Ya ajiye ruwan sha da burodi a kan benci. Ya fita, ya jawo ƙofar gilashin, ya tsaya riƙe da kwaɗo a hannu. Ya daɗe a haka. Ya gaya wa kansa ai ba kullewa ba ce, zuwa ne da dawowa. Ya gaya wa kansa don Yayan ake yi. Sannan ya danna kwaɗon, bai yarda ya dubi ciki ba, ya juya da sauri irin wadda layin bai taɓa ganin ya yi ba.

Zuwa bai ba shi wahala ba. Ya samu matar da jakarta a bakin ƙofa, ta riga ta ɗaure kifin a leda mai ruwa rabi da iska rabi. Ta miƙa masa ta ce ya riƙe da hannu biyu, kada ya bari rana ta doke shi. Ya rufe ledar da gefen rigarsa ya hau mota.

A dawowa ne hanya ta cushe. Wata babbar mota ta lalace a kan gada, komai ya tsaya cak. Direba ya kashe inji. Fasinjoji suka shiga tsaki da zagin wanda ba ya nan. Sannu-sannu na zaune a takure, leda a kan cinya, yana jin kifin na bugun tafin hannunsa ta cikin roba. Sai tunani ya fara cinsa. Ya kashe fankar sama kuwa? Madubin nan babba da ƙusa ɗaya yake rataye. Kwalbar man aski mai kama da abin sha tana kan kanta, bai ɗauke ba. In Yaya ya jawo akwatin kifin ya faɗo masa a ƙafa fa? In ya ji fitsari, zai tuna inda bayi yake? Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Baba, ka zauna mana, kana jiƙa ni," in ji matar da ke gefensa.

Ya ce a buɗe masa ƙofa. Ya sauka a tsakiyar gada ya kama tafiya a ƙasa, tsoho da leda a ƙirji, yana ratsa motoci, gwiwoyinsa na ƙara. Ba ya iya gudu don kada ruwan ya jijjiga, ba ya kuma iya tafiya a hankali. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, hannu biyu na kan leda, bai ɗauka ba. Da ya wuce gadar ya samu wata motar, ita ma ta yi ta tsaye-tsaye kamar da gayya.

Tun daga bakin layin ya hango taro a ƙofar shagonsa.

'Yar Yaya ce a gaba, jakar tafiyarta yashe a ƙasa. Ta samu motar safe ta iso da wuri. Tafukanta biyu na manne da gilashin ƙofar, tana cewa, "Baba, ni ce, ka daina, Baba ka daina." A ciki Yaya na dukan ƙofar da hannu, yana ƙwala kiran da ba a gane me yake cewa. Gilashin ya tsage daga sama har ƙasa, ga jini shafe a jikinsa. Wandonsa a jiƙe. Wani ya ɗauko guduma yana neman fasa kwaɗon.

Mutane suka dare suka ba shi hanya. Ya rasa yadda zai ciro makulli da leda a hannu, sai ya miƙa wa mai shagon magani ledar, ya lalubo makullin, ya faɗi, ya ɗauka. Da ƙofar ta buɗe Yaya ya yo waje da ƙarfinsa, sai da mutum uku suka tare shi. 'Yar ta kama hannun da ya yanke tana kuka. Sannan ta ɗago ta dubi baffanta. Ya so ta yi masa faɗa, ta zage shi ma. Ba ta yi ba.

"Tun yaushe yake ciki?"

Ya kawar da kai.

Aka shigar da Yaya, mai magani ta wanke yankan ta naɗe. Bai daina fizge-fizge ba, idonsa na kan ƙofa. Sannu-sannu ya karɓi ledarsa, don bai san me zai yi da hannuwansa ba, ya je ya ɗora ta a kan ruwan akwatin kamar yadda aka ce masa. Ledar ta yi ta lilo a sama. Farin kifin mai ja a ka ya juya a cikinta. Madam ta taso daga ƙasa da yagaggiyar wutsiyarta, a hankali, ta zo ta tsaya a ƙarƙashinsa tana taɓa robar da baki.

Yaya ya daina motsi. Ya zare hannunsa daga na 'yarsa, ya taka zuwa benci, ya zauna a gurbinsa.

"Yawwa," in ji shi. "Ga shi nan."

Kafaɗunsa suka sauka. Numfashinsa ya daidaita. Leɓensa ya fara ɗan motsin nan da aka kwana biyu ba a gani ba. Masu kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya, shagon ya yi tsit sai ƙarar injin da ke hura wa ruwan akwatin iska. Da lokaci ya yi Sannu-sannu ya kwance bakin ledar ya karkata ta, baƙon ya fita ya bi gefen Madam, suka kama kewaya dutsen tare, ba mai riga wani.

'Yar ta daɗe tana kallon ubanta. Ta share ido da gefen mayafi, ta matso kusa da baffan, ta yi ƙasa da murya.

"Na ga abin da ka je nema, Baffa. Na ga kuma ya yi aiki." Ta waiga ta dubi ubanta. "Ban san me zan yi ba yanzu. Wallahi ban sani ba. In ka ce in bar shi, ka yi mini alkawari haka ba za ta sake faruwa ba, zan yarda da kai."

Abin da yake so ke nan. Kalma ɗaya ce, kuma ta riga ta ce za ta karɓa. Ya dubi kifin biyu. Madam ta tsufa, ga rauni a jiki, ko ta kai baɗi ko ba ta kai ba. Ya dubi farin bandejin da ke hannun wansa, jini ya fara ɓullowa ta tsakiya.

"Ya fita titi ranar da na ce miki mura nake yi," in ji shi. "A tsakiyar motoci aka tsinto shi. Ni kaɗai ne, Uwata, kuma na gaza. Ki tafi da shi."

Ta rufe baki da hannu.

"Akwatin zai biyo ku in Madam ta warware, yanzu hanya za ta kashe ta. Ki sa shi inda rana ba ta bugu. Kada wanda ya sa masa ruwan ɗumi." Ya tsaya, ya sake cewa, "Abu ɗaya nake roƙo. Ki bar Yaya ya zauna a nan har yamma."

Ta gyaɗa kai.

Ya juya zai shiga ɗakin baya ya haɗa kayan. Sai Yaya, ba tare da ya ɗauke ido daga gilashin ba, ya matsa gefe, ya bubbuga bencin da hannunsa mai bandeji.

"Malam, zo ka zauna ka gani. Akwai wuri."

Sannu-sannu ya zo ya zauna kusa da wansa, kafaɗa na gogar kafaɗa. Hawaye na zuba masa, bai share ba. 'Yar ce ta shiga ciki ta fara naɗe kayan.